Cinikin Yaro da Mayar da Kuɗi

Cinikin yaro shi ne sayen da wanda bai kai shekarun girma a doka ba ya yi, wato shekara 18 a yawancin ƙasashe. Abu biyu ake yawan cakuɗawa a batun: ƙa'idar da kanti ya gindaya kan karɓar kayan da aka dawo da su, da hukuncin doka kan yaron kansa. Ta farko sau da yawa alfarma ce, musamman idan kayan ba su da aibi. Hukuncin doka kuwa ba a hannun mai kanti yake ba, kuma rubuta "in an saya ba a dawowa" ba ya soke shi.

A dokar Ingila ciniki ba ya ɗaure yaro sai a kayan buƙata, irin su abinci da sutura, su ma farashin da ya dace kawai zai biya. A shari'ar Nash da Inman ta 1908, wani tela ya ba wani ɗalibin jami'ar Kambirij da bai kai shekarun girma ba tufafi bashi, har da falmaran na ado guda 11. Kotu ta gano mahaifin ɗalibin ya riga ya wadata shi da sutura, sai tela ya tashi a tutar babu. Sai dai idan yaro ya biya kuma ya mori kayan, da wuya kuɗin su dawo.

A Jamus cinikin wanda bai kai shekara 7 ba ɓatacce ne. Daga 7 zuwa 17 a rataye yake har iyaye su amince, ban da abin da ya saya da kuɗin kashewa da aka ba shi. Fikihun Malikiyya ya yi kusa da haka: cinikin yaro mai wayo yana ƙulluwa, amma ba ya zartuwa sai da yardar waliyyi.

Rigimar ta fi zafi a wasannin waya, inda mai sayarwa ba ya ganin fuskar mai saye. A da, a wayoyin Apple, da zarar uba ya sa kalmar sirri, ƙofa takan zauna a buɗe na minti 15, yaro ya yi ta danna saye. A 2014 FTC, hukumar kare haƙƙin masu saye ta Amurka, ta sa Apple ya amince ya mayar da aƙalla dala miliyan 32.5, Google kuma aƙalla miliyan 19. A 2022 Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince da biyan dala miliyan 245 domin a mayar wa masu saye, ciki har da iyayen da aka cire wa kuɗi ba da saninsu ba.