Dokar Zubar da Kati a Wasan Birij: Abin da Ya Hau Kan Mai Kwangila

A wasan karta na birij, wanda ya ɗauki kwangila, wato alkawarin yawan cin da ɓangarensa zai yi, shi ke buga hannu biyu: nasa, da na abokinsa da aka baje a tebur. Babban makaminsa shi ne zubar da katin da zai faɗi a kan katin da ke ci. Sai dai kundin dokokin Hukumar Birij ta Duniya na 2017 ya ɗaure wannan da sharaɗi guda a Doka ta 44: muddin kana da dangin katin da aka fito da shi (wato irinsa: sifed, hat, daimon ko kulob), dole ka bi. Sai ya ƙare maka ƙaf sannan ka zubar da wani dangi ko ka sa turam, wato dangin da kwangila ta zaɓa, wanda ke cin sauran dangogi.

A ce kwangilar sifed 4 ce, wato ana neman ci goma cikin sha uku, ga kuma kati huɗu masu faɗuwa. A tebur akwai A, K da Q na daimon, a hannunka ƙananan daimon biyu. Zubarwa ɗaya tak ke gare ka, a zagaye na uku na daimon. Idan A na turam na wajen abokan hamayya, kuma da sun karɓi hannu za su kwashe cinsu, to buga daimon ɗin kafin ka taɓa turam. Daimon takwas ne a wajensu, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari kowannensu yana da aƙalla uku, don haka mafi yawan lokuta ba wanda zai sare maka Q da turam.

A nan ne gaggawa ke yin ɓarna. Daimon da hat duk ja ne, sai ƙaramin daimon ya maƙale cikin hat, mutum ya zubar tun a zagaye na biyu. Wannan saɓa dangi ne, bisa Doka ta 61. Abokinsa mai hannun tebur yana da 'yancin tambayarsa nan take ko da gaske daimon ya ƙare, kuma ya kamata ya riƙa yi. Idan an farga da wuri, Doka ta 62 ta ce a gyara: mai kwangila ya mayar da katin hannunsa ba tara, abokan hamayyar da suka buga bayansa su ma suna iya canza nasu.

Da zarar ɓangaren mai kwangila ya buga kati a zagaye na gaba, laifin ya tabbata, sai Doka ta 64 ta shigo. In shi ne ya ci zagayen da katin hannunsa, misali ya sa turam alhali yana da dangin, za a ƙwace wannan cin, a ƙara da ɗaya idan ɓangarensa ya sake ci daga baya. In K na tebur ne ya ci, ci ɗaya za a ɗauke, domin doka ba ta lissafa cin tebur a matsayin cin mai kwangila. Kada kowa ya ɗauka ciniki ne mai riba: idan tarar ba ta rufe asarar da aka jawo ba, alƙalin wasa zai gyara sakamakon.

Zubarwa daga tebur ma tana da tarko, domin da baki mai kwangila ke kiran katin da abokinsa zai buga daga can. Ka ambaci dangi ba lamba, mafi ƙanƙanta ka kira. Ka ce "sa kowanne", Doka ta 46 ta ba abokan hamayya damar zaɓar maka. Tuntuɓen harshe ana iya gyara shi, amma canza shawara bayan ka ambaci kati ba ya karɓuwa. Katin hannunka kuwa, da ka buɗe shi ya taɓa tebur ko ya kusa taɓawa, ya bugu.