Askin Andakat: Amsoshin Tambayoyin da Ba Sa Ƙarewa

Tambayoyin nan su ne dai ake maimaita mini kullum a kan wannan aski, shi ya sa na tara su wuri guda. Duk wanda zai sake tambaya, don Allah ya fara karanta wannan tukuna.

Mene ne andakat?

Aski ne da ake rage gefe biyu da ƙeya sosai, a bar saman kai da tsawo, kuma iyakar da ke tsakaninsu ta fito fili. Shi ke nan.

Ba shi ne fed ba?

A'a. A fed gashi yana raguwa ne a hankali daga sama zuwa ƙasa har ya ɓace, ba ka ganin inda dogo ya tsaya. A andakat kuwa da gangan ake barin layin. In ka ce wa mai aski andakat alhali fed kake nufi, kada ka ga laifinsa.

Me zan ce wa mai aski?

Ka daina cewa "a rage mini gefe kawai". Wannan ba bayani ba ne. Ɗan matajin robar da ake saka wa kilifa a baki yana da lamba: lamba 1 tana barin gashi milimita 3, lamba 2 milimita 6, lamba 3 kusan milimita 10, lamba 4 kuma milimita 13. Faɗi lambar da kake so. In karon farko ne, fara da 3. Ana iya ƙara ragewa, amma wanda ya faɗi ƙasa ba ya komawa kai. Sannan ka nuna hoto, na mutumin da gashinsa irin naka ne. Kullum sai an kawo mini hoton mai gashi santsi, mai kawowar kuma gashinsa murɗaɗɗe, ya ce haka yake so. Ba zai fito haka ba, malam.

Sabon yayi ne?

Ba sabo ba ne. Ma'aikata da samarin Turai sun yi shi sosai daga shekarun 1910 zuwa na 1940, ya sake dawowa da ƙarfi a shekarun 2010.

A ina ya kamata layin ya tsaya?

Ɗora yatsa a gefen kanka ka hau sama har inda kan ya fara lanƙwasawa zuwa tsakiya. Nan ne. In aka hau fiye da haka, saman zai zama siriri, fuska ta ƙara tsawo. In aka sauka ƙasa, gashi ya kumbura a gefe. A baya kuma kada a yanke wurin da gashi ke murɗawa a tsakar kai, don in ya gajarta miƙewa yake yi, babu man da zai kwantar da shi.

Gashina bai taru ba, zan iya yi yanzu?

Jira. Gashi yana ƙaruwa da kusan santimita 1 da ɗan kai a wata. Mai son ya taje saman baya yana bukatar aƙalla santimita 5 zuwa 7, wato watanni huɗu zuwa shida in daga ƙasa ya fara. Murɗaɗɗen gashi kuma yana takurewa, tsawon da ido ke gani bai kai na gaskiya ba.

Ina samun ƙuraje a ƙeya duk lokacin da na yi aski. In yi ko in bari?

Wannan ce tambayar da nake so a riƙa yi, kuma ba ta da amsa guda. Ya danganta da irin ƙurajen. Gashin da yake murɗaɗɗe, in aka yanke shi daf da fata, bakinsa yana yin tsini, yana fitowa sai ya lanƙwasa ya koma ya soki fata. Jiki ya ɗauke shi baƙon abu, wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi. In irin wannan ne, wataƙila za ka iya yin askin, amma da sharaɗi: babu reza a ƙeyarka, babu kilifa tsirara, ka tsaya a lamba 2 ko sama. Gyaran layin ƙeya da reza, wanda mutane ke ganin shi ne kyan aski, shi ne yake jawo wa da yawa wannan wahalar. Ka haƙura da shi, askin ba zai lalace ba.

Amma in ƙurajen sun yi tauri, ba sa tafiya tsakanin aski da aski, suna haɗewa da juna, ko suna fitar da ruwa, to labari ya canja. Akwai cutar fata da ke kama ƙeya, ta fi yawa ga maza masu murɗaɗɗen gashi, tana farawa da ƙananan ƙuraje ta ƙare da tabo mai kauri, kuma inda tabon ya zauna gashi ba ya sake fitowa. Aski mai ƙasa sosai yana ƙara mata ƙarfi, haka ma gogar wuyan riga ko hular kwano. A nan shawarata ka ajiye maganar andakat gaba ɗaya, ka ga likitan fata tun abin yana ƙarami. Kada ka matsa, kada ka sosa, kada ka bari wani ya ce zai "kankare" maka.

Akwai kuma mai yiwuwa ba gashinka ba ne matsalar, kilifar ce. Kilifa marar tsabta tana ɗaukar ƙwayoyin cuta da makero daga wannan kai zuwa wancan. In ƙurajen sun fara ne bayan ka canja wurin aski, ko kana ganin zagaye mai ɓarewa inda gashi ya kakkarye, ka yi zargin wannan. Sayi kilifarka, ka riƙa tafiya da ita, a goge gashin da ya maƙale, a shafa sifirit, a ɗiga mata mai. Kuma kwantar da hankalinka: yawancin masu wannan ƙorafi suna samun sauƙi da zarar sun bar reza. Ina dai so ka duba da kyau kafin ka zauna a kujera.

Sau nawa zan koma?

Duk mako biyu, in ya yi yawa uku. A mako biyu gefen da aka bari milimita 3 ya kai kusan 8, layin ya fara ɓacewa. Saman kuwa zai iya yin wata ɗaya da rabi. Wanda ba zai iya wannan zirga-zirgar ba, ya zaɓi wani askin. Ba na masu kasala ba ne.

Wane mai zan shafa?

Kaɗan, ko wane iri ne. Wanda ake wankewa da ruwa ya fi sauƙi. Mai maiƙo sosai yana toshe ƙofofin fata, shi ya sa kake ganin ƙuraje a goshi. Murtsuka shi a tafin hannu, fara daga baya ka zo gaba, kuma kada ka kwana da shi kwana da kwanaki.

Ina da sanƙo, zai ɓoye mini?

Ba zai ɓoye ba. Andakat saman kai yake nunawa, inda matsalar take. Rage duka ya fi maka kyau, kuma babu abin kunya a ciki.

Zan iya yi wa kaina a gida?

Gefe, in layin yana nan kana bin sa, za ka iya. Ƙeya da jan layin farko, a'a. Ba ka ganin bayanka, ko da madubi biyu ne.

Na gaji da shi, yaya zan bari ya dawo?

Kada ka daina zuwa aski, a nan mutane ke kuskure. Ka ce a riƙa rage saman kaɗan-kaɗan, a bar gefe ya taso, a riƙa tsabtace ƙeya da bayan kunne kawai. Wata na biyu da na uku ba su da daɗin kallo. Zuwa wata na huɗu gefen ya kusa santimita 5, mai aski zai iya haɗa shi da saman da almakashi.