Mece ce "babbar kasuwa" a bakin masu gidajen rediyon Amurka?

Idan aka ji labarin cewa wani kamfanin rediyo a Amurka zai sayar da tashoshinsa na "manyan kasuwanni", kada hankali ya tafi ga rumfuna da 'yan tireda. Kasuwa a wurinsu ita ce birni da kewayensa, wato iyakar jama'ar da muryar tasha ke kaiwa gare su. Hajar kuwa mai sauraro ne da kansa: tasha ta tara mutane da kiɗa da labarai, sannan ta sayar wa masu talla kunnuwansu. Kamfanin Nielsen ne ke ƙidayar masu sauraro yana jera biranen daki-daki, New York ta ɗaya, Los Angeles ta biyu, Chicago ta uku. Matsayin birni a wannan jeri shi ke yanke kuɗin talla, shi ne kuma ke yanke darajar tashar ranar da aka zo cinikinta.

Abin da mai saye ke zuba kuɗi a kai shi ne lasisi da mitar da ake kama tashar. Gini da na'urori ƙaramin alhaki ne. A babban birni an riga an rabe mitocin FM kaf, mai son shiga sai ya sayi ta wani, kuma ciniki ba ya faɗawa sai hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta sa hannu.

Tushen wannan saye da sayarwa dokar sadarwa ce ta 1996. Kafin ita, kamfani ɗaya ba ya wuce tashoshi 40 a faɗin ƙasar. Dokar ta ɗage wannan iyaka, ta bar ta cikin gari kawai: a birnin da ke da tashoshi 45 ko fiye, kamfani na iya riƙe takwas, amma kada su wuce biyar a zango ɗaya, FM ko AM. Nan fa aka shiga wawaso. Clear Channel, wanda ya koma iHeartMedia a 2014, ya tara tashoshi wajen 1,200. Galibin sayayyar nan da bashi aka yi ta, ana cikin haka intanet ta janye kuɗin talla. Cumulus Media ya je kotu neman kariya daga masu binsa bashi a 2017, iHeartMedia ya bi sahu a 2018 da bashin kusan dala biliyan 20 a wuyansa.

Wani lokaci hukuma ce ke tilasta sayarwar. Da Entercom ya haɗe da CBS Radio a 2017, sai da ma'aikatar shari'a ta sa ya saki tashoshi 13 a Boston da San Francisco da Sacramento, don kada ya danne kasuwar talla. Amma galibi matsi ne, kuma wanda ake bi bashi abin da ya fi tsada a gidansa yake fara fitarwa.

Haka ta faru a 2019, lokacin da Cumulus ya sayar da tashoshi shida kan dala miliyan 103.5 ga wata ƙungiyar yaɗa waƙoƙin Kirista mai gudanar da gidan rediyon K-Love. A cikinsu har da WPLJ ta New York, wadda ke amsa wannan suna tun 1971. Abin da ke ci mini rai a irin wannan ciniki shi ne mai sauraro, wanda domin kunnensa aka yi kuɗin, ba a tambayarsa. Ran 31 ga Mayun shekarar ma'aikatan WPLJ suka yi bankwana da jama'a. Wanda ya murɗa rediyonsa zuwa mita 95.5 a daren nan, shirin da ya tarar shi ne dai wanda ake watsawa a ɗaruruwan garuruwa lokaci guda, babu ko muryar ɗan garinsu ɗaya a ciki.