Ministan Hanyoyi da Gonarka: Ga Amsoshin a Rubuce

Na yi shekaru ina aikin awon hanya, shi ya sa duk majalisar shayin da na zauna a Tawa sai an jefo mini tambayoyin nan. Bakina ya gaji, ga su a rubuce.

Mene ne aikin ministan hanyoyi da manyan gine-gine?

Tsarawa da sa ido. Ma'aikatarsa ke tantance aikin da za a fara, a nemo kuɗi, a ba da kwangila, a tura injiniyoyi su duba. Ba shi ke zuba kwalta ba.

Shi zai gyara kwatar unguwarmu?

A'a. Ofishin magajin gari.

Me ya cinye hanyar Tawa zuwa Arlit?

Tsufa da lodi. Tun wajen 1980 aka shimfiɗa ta saboda yuraniyom. Ku kuma masu labta wa mota kaya har tana nishi, haba jama'a, da hannunku a ciki.

To ba sai a yi ta gini kawai ba?

Je ka dubi layin dogon Yamai zuwa Doso, kilomita wajen 140. An kafa ƙarfe, jigila ba ta kankama ba. Abin da tsari ke hanawa ke nan.

Hanya za ta ratsa gonata. Za a biya ni diyya?

Nan sai a hankali, ɗan'uwa. A dokar Nijar, i: dokar 61-37 ta 1961, wadda aka yi wa gyara a 2008, ta ce a biya diyyar adalci kafin a karɓi wurin mutum don amfanin jama'a. Amma samunta ya danganta da abubuwa. Gonar gado ce ba takarda? Kwantar da hankalinka, dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakar gargajiya. Duk da haka nemi takardar shaida daga kwamitin filaye, wato Kofo, da sa hannun mai gari, tun masu aikin hanya ba su zo ba. In akwai rigimar gado tsakaninku, galibi kuɗin kan tsaya har ku sasanta.

Ranar ƙidaya kuwa, wato ranar da za a zo rubuta abin da ke gonarka, ka tsaya da ƙafarka. Na ga dattijon da ya tafi cin kasuwa, ɗansa ya dangwala yatsa a takarda, ba a rubuta rijiyarsa ba, ba a rubuta mangwaronsa uku ba. Ya daɗe yana sintiri kafin a gyara. A sa maka rumbu, darni, itace, komai, a kuma karanta maka kafin ka dangwala. Ginin da ka tayar da daddare bayan ƙidaya, da wuya a lissafa shi, kada ka ƙona kuɗinka. Biyan ma yana iya jinkiri, don haka adana kowace takarda a leda, nesa da gara.

In tafi Yamai in ga minista da kaina?

Kada ka ɓata kuɗin mota. Fara da mai gari, sai ofishin magajin gari, sai ofishin ma'aikatar da ke nan Tawa.