Waiwaye: Yadda Alƙaluman Haihuwa Suka Tashi Daga Littafin Rajista Zuwa Allon Waya

Wanda ya taɓa buɗe Gapminder, shafin intanet mai nuna alƙaluman ƙasashen duniya a zane, ya san abin da nake nufi. Ƙwallaye ne masu launi, kowanne ƙasa guda, girmansa gwargwadon yawan mutanenta. Kana danna maɓalli sai shekaru su fara gudu, ƙwallayen su riƙa tafiya. Bangladash, inda mace ke haifar 'ya'ya sama da shida a shekarun 1970, sai ka ga ta gangaro zuwa wajen biyu. Nijar kuwa tana can gefe, da ƙyar take motsawa.

Abin ya samo asali tun 1662, lokacin da wani ɗan kasuwa a Landan, John Graunt, ya zauna da takardun da coci-coci ke rubuta haihuwa da mutuwa, ya tattara su, ya gano cewa jarirai maza sun ɗan fi mata yawa. Amma inda lissafi ya fara ceton masu jego shi ne Vienna. A babban asibitin birnin akwai ɗakunan haihuwa biyu, ɗaya na ɗaliban likita, ɗaya na ungozomomi. Likita Ignaz Semmelweis ya jera adadin matan da zazzaɓin jego ke kashewa, ya ga a ɗakin likitoci kusan ɗaya cikin goma ce, ninki biyu da ɗoriya na ɗakin ungozomomi. Dalili? Ɗaliban daga wajen feɗe gawa suke zuwa su taɓa mai naƙuda. A 1847 ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen suka faɗi warwas. Duk da haka abokan aikinsa da yawa suka yi masa kunnen uwar shegu. A ganina da yana da zane mai ɗaukar ido irin wanda Florence Nightingale ta yi a 1858 kan mutuwar sojoji, da wataƙila an saurare shi da wuri.

Zanen da ya fi kusa da mu ma na takarda ne. A 1972 Philpott da Castle, a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, suka tsara takardar bibiyar naƙuda mai layi biyu, na gargaɗi da na ɗaukar mataki. Ungozoma na ɗiga alama duk bayan awanni. Ɗigon ya ƙetare layi, a nemi mota a kai mai naƙuda babban asibiti. A Zariya kuma Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774, ya wallafa a 1985, ya nuna yadda rashin zuwa awon ciki ke jefa mata cikin haɗari.

Ƙwallayen masu motsi sai a 2006 duniya ta san su, lokacin da Hans Rosling, likita ɗan Suwidin da ya taɓa aiki a Mozambik, ya nuna su a taron laccoci na TED yana bayani kamar mai sharhin ƙwallo. Shekara guda bayan haka Google ta sayi manhajar da ke zana ƙwallayen.

Sai dai fa ƙwallon Najeriya guda ɗaya ne, kuma yana ɓoye abubuwa da yawa. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya ce matsakaicin haihuwa 5.3 ne ga kowace mace. Ka shiga STATcompiler, shafin da ke ajiye alƙaluman irin wannan bincike, ka raba shi jiha-jiha, sai Legas ta fito da 3.4, Katsina da 7.3. Binciken ya kuma nuna kashi 39 cikin ɗari ne kawai ake haifa a asibiti, a Arewa maso Yamma ko ɗaya cikin biyar bai kai ba. Wadda ta haihu a ɗaki, aka yanke cibi, aka ɗora ruwan wankan jego, ba ta cikin rajistar kowa, sai in masu tambayoyi sun ƙwanƙwasa ƙofar gidansu.

Su ma masu ƙwanƙwasa ƙofar, tun 1984 da kuɗin USAID, hukumar tallafi ta gwamnatin Amurka, suka riƙa yawo. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta yanke kuɗin shirin binciken. Ƙidayar jama'a kuwa, rabon Najeriya da ita tun 2006.