Hawan keke a tsaunuka da kwazazzaban Saudiyya: tambayoyi da amsoshi

Bahaushen da ke zaune a Makka ko Jidda ko Madina, in aka ce keke, na aiken kanti ne ke faɗo masa a rai. Amma 'yan shekarun nan samarinmu na ganin wasu suna ɗaure kekuna masu ƙatuwar taya a bayan mota da asubar Juma'a ko Asabar su nufi dutse, sai tambayoyi suka yi ta zuwa. Ga waɗanda aka fi yi.

Ƙasar da rairayi ne gaba da baya, ina aka ga dutsen hawa?

Ai ko Makka kanta a tsakiyar duwatsu take. Daga wajen Ɗa'ifa tsaunukan Sarawat suka miƙa kudu har iyakar Yaman. Makka ba ta fi mita 300 a saman teku ba, amma Hada da ke bisa kanta ta kusa mita 2,000, Abha ta haura 2,200, dutsen Suda kuwa ya doshi 3,000. A tsakiyar ƙasa akwai gangaren Tuwaiƙ mai tsawon kimanin kilomita 800, ya bi ta yammacin Riyad. A arewa maso yamma ga jajayen duwatsun Ula da kwarin Disa na yankin Tabuka.

Mu da ke Makka da Jidda, daga ina za mu fara?

Daga Ɗa'ifa, musamman Hada da Shafa. A kai kekunan da mota, a sauke su a sama, a bi ƙananan hanyoyin gonaki, inda ake noman furen nan da ake yin turaren Ɗa'ifa da shi. Kada a yi gigin hawa babban titin Hada da keke. Kwana ne a kan kwana, direbobi kuma ba su sa ran ganin mai keke.

A jikin dutsen Kara da ke wajen Hada akwai tsohuwar hanyar ayari wadda aka shimfiɗe da duwatsu, tana lanƙwasa dama da hagu, ta nan raƙuma da masu tafiyar ƙasa ke bi tsakanin Makka da Ɗa'ifa kafin a yi kwalta. Abin kallo ce ƙwarai, amma matakala ce ta dutse, ba ta ɗan koyo ba ce. A jingine keke a taka ta da ƙafa.

Sai kuma birai. Gwaggon biri ya yi yawa a Hada, kuma ya saba da mutane fiye da kima. Ka tsaya shan ruwa, ka buɗe jaka, ƙarar leda kawai zai ji, kafin ka ɗago kai babban namijin mai furfurar wuya ya zauna a kan dutse kusa da kai yana kallon hannunka. Kada ka ba shi, kada ka tsare shi da ido, zuge jakarka ka yi gaba.

Keken da nake da shi a gida ba zai yi ba?

In na kanti ne mai giya ɗaya, ba zai yi ba. Ana son keke mai faffaɗar taya mai haƙora, da giyoyi masu sauƙi don hawa, da birkin faifai, da abin rage jijjiga a ƙafar gaba. Mai na gaba da baya ya fi daɗi amma ya fi tsada, ɗan koyo bai buƙace shi ba. Na hannu mai lafiya ya fi sabo mai araha wanda birkinsa ke kuka. Hular kwano dole ce. A jaka a sa famfo da kayan faci da tubu na ko-ta-kwana da abin gyaran kaca, domin ƙaya ce ta cika kwarurukan nan, kuma babu mai faci a gindin dutse.

Hawa ne ya fi wuya ko gangara?

Hawa gajiya ce kawai, in ta ci ƙarfinka ka sauka ka tura. A gangara ake karya ƙashi. Sauke sirdi ƙasa, miƙe a kan feda, mayar da nauyinka baya, ka riƙe birki biyun tare a hankali. Wanda ya danƙe na gaba shi kaɗai a kan tsakuwa, ta saman kan keken zai fita. In gangarar doguwa ce, faifan birki na yin zafi har ya rage kamawa, don haka a riƙa tsayawa yana hucewa.

An ce kwari ya fi dutse haɗari. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma a nan nake son a tsaya. Kwari shi ne ya fi ko'ina kyau: inuwa, dabino, wani lokaci har da ruwa mai gudu. Disa ke nan, jajayen duwatsu sun tsaya tsaye hagu da dama, ruwa na bi ta cikin ciyayi. Haka Lajab a yankin Jazan, inda kwazazzabon ya matse sosai, ko da yake can tafiyar ƙafa ta fi keke dacewa. To amma abin da ya sassaƙa waɗannan wurare ruwa ne, kuma bai daina zuwa ba.

Dutse ba ya shan ruwa. In aka yi ruwan sama a can saman tsauni, duk abin da ya zuba gangarowa yake ya taru a hanya guda, ya taho da laka da itace da duwatsu. Kai da ke ƙasa rana ce tsaka a kanka, ko ɗigo ba ka gani ba. Mutanen Jidda ba sa bukatar a yi musu bayani: ambaliyar Nuwamban 2009, ana cikin aikin Hajji, ta kashe mutum fiye da 100, kuma daga kwarurukan gabashin gari ruwan ya kwararo. Saboda haka a duba sanarwar yanayi kafin a fita, ta saman tsaunin ba ta inda ake tsaye kaɗai ba. In hadari ya haɗu a kan dutse, ko ka ji wani rugugi daga sama, ko ruwan da ke gudu ya fara canza launi, bar keken ka hau gefe. Kada a yi zango ko a ajiye mota a tsakiyar kwari, ko da ya bushe ƙamas.

Haɗari na biyu shi ne ƙishirwa. Iskar nan busasshiya ce, gumi na bushewa ba ka sani ba. Lissafa kusan lita guda a kowace awa in da zafi, ka ƙara wani a mota. A cikin kwari sau da yawa babu sabis, don haka ba a zuwa mutum ɗaya, kuma a bar wa na gida sunan wurin da lokacin dawowa. Lambar motar asibiti 997, ta masu ceto 998.

'Yan'uwanmu na Riyad fa?

Su ma Allah ya ba su. Kwarin Hanifa mai tsawon kimanin kilomita 120 ya ratsa birnin, an gyara shi an yi masa hanyoyi, har aikin ya ci kyautar Aga Khan ta tsarin gine-gine a 2010. Yana bi ta Dir'iyya, inda unguwar Turaif take, hedkwatar daular Saudiyya ta farko wadda rundunar Ibrahim Basha ta rusa a 1818. Ginin ƙasa ne, wanda ya san tsohon birnin Kano ko Damagaram zai ga kamar gida. Wanda ƙafarsa ta yi ƙwari sai ya nufi Tuwaiƙ, inda ake samun tsofaffin hanyoyin raƙuma da suka hau gangaren. Duba duwatsun da ke ƙarƙashin tayarka a can, za ka ga burbushin halittun teku a jikinsu, domin wurin ya taɓa zama ƙasan ruwa.

Malam, Ula da Mada'in Salih fa? Ya halatta mu je yawon keke a can?

A raba su biyu. Ula kwari ne mai faɗi, sama da kilomita 300 arewa da Madina, da gonakin dabino da tsohon gari da Dutsen Giwa, akwai hanyar keke da wurin haya, kuma ana yin gasar tseren keke ta duniya a can. Hijr, wato Mada'in Salih, yana kimanin kilomita 20 arewa da garin. Kaburbura fiye da 100 ne da Nabatawa, wata tsohuwar al'ummar Larabawa, suka sassaƙa a jikin dutse kusan shekara 2,000 da suka wuce, shi ne wuri na farko a Saudiyya da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya, a 2008. A nan ne kuma tsohuwar tashar jirgin ƙasan Hijaz take, layin da Sarkin Usmaniyya Abdulhamid na Biyu ya soma a 1900 daga Dimashƙ, ya isa Madina a 1908. Shiga sai da tikiti da jagora, ba a sakin kowa ya yi ta zagaye.

Batun halacci kuwa, hadisi ne ingantacce a Buhari da Muslim: da Manzon Allah (SAW) ya bi ta Hijr a tafiyar Tabuka, ya hana shiga gidajen waɗanda suka zalunci kansu sai ana kuka. Malamai sun yi bayani a kan iyakar wurin da kuma ziyarar ɗaukar darasi, kowa ya koma ga malaminsa. Ra'ayina dai, wurin ba na tsere da shewa ba ne, kuma kwarin Ula ya wadatar da mai keke ba sai ya shiga can ba.

Wane lokaci ya fi, kuma mata na iya zuwa?

Nuwamba zuwa Maris a Riyad da Ula da Tabuka, a fita bayan asuba. Lokacin zafi sai a hau Ɗa'ifa ko Abha, amma can ma hazo da ruwan yamma na iya rufe hanya. Mata an ba su damar hawan keke a wuraren shaƙatawa tun 2013, yanzu kuma suna shiga gasa. Kowa ya riƙe iƙamarsa a jiki, akwai shingen bincike a hanyoyi, wasu kwarurukan kuma suna cikin gandun da hukuma ke karewa, sai an nemi izini kafin a shiga.