Tambayoyin da kuka ishe ni da su kan dogara ga Allah a lokacin wahala

Shekara da shekaru ina koyar da ajin baftisma da nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba, tambayoyin nan su ne dai su ne, yau a tare ni a ƙofar coci bayan sujada, gobe a bugo waya ƙarfe sha ɗaya na dare a ce "Baba ka yi barci?" Eh, na yi, kai ka tashe ni. Toh ga amsoshin na rubuta su wuri guda, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Baba, da gaske Allah yana da ikon fitar da ni daga wannan halin?

Yana da shi. Buɗe Ishaya 40 ka karanta daga aya 12, wanda ya auna ruwan teku a tafin hannunsa, yake kiran taurari da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, kuɗin hayarka ba zai gagare shi ba. Na gaba.

Wani mutumin Allah ya ce in shuka iri, wato in ba shi naira dubu hamsin, in karɓi mai da hankici, matsalata za ta ƙare.

Haba ɗana. Ka san kuɗin mota kaɗai yadda ya koma tun da aka cire tallafin fetur a 2023, mudun masara sai an yi lissafi, shi ne za ka kwashi ɗan abin da ya rage wa yara ka kai wa mai babbar mota? Siman mai sihiri ya taɓa miƙa wa manzanni kuɗi a Samariya don ya sayi baiwar Allah, je ka Ayyukan Manzanni 8 ka ji abin da Bitrus ya faɗa masa, ba daɗin ji. Ka ba da baikonka a ikilisiyarka da zuciya ɗaya, amma ikon Allah ba kayan kasuwa ba ne. Wannan tambayar ce ta fi ɓata min rai gaskiya.

Zunubina ne ya jawo min?

Ba lallai ba. Almajirai sun tambayi Yesu haka a kan makahon nan na Yahaya 9, wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa, ya ce ba ko ɗaya. Abokan Ayuba kwana bakwai suka yi zaune shiru tare da shi, nan ne kaɗai suka yi daidai, suna buɗe baki suka fara neman laifinsa, a ƙarshe su Allah ya yi fushi da su. Amma in kuɗin makarantar yara ka sa a cacar waya ka san amsar da kanka, ka tuba ka goge abin daga wayar, kar ka ce Shaiɗan.

Ina kuka kullum da dare, wai rashin bangaskiya ne?

A'a 'yata, yi kukanki. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi. Na taɓa zuwa gaisuwa gidan wata da aka kashe mijinta a hanyar gona, tana zaune kan tabarma da fartanyarsa jingine a bango har lokacin da ƙasa a jikinta, wasu mata sun kewaye ta suna cewa ta share hawaye kar ta kunyata Ubangiji a gaban mutane. Wata tsohuwa daga zumuntar mata ta tashi ta kore su gefe, ta zauna ta riƙe mata hannu ba ta ce uffan ba. Ita ce ta yi wa'azi ranar. Dauda ya tambayi Allah har yaushe sau huɗu a Zabura 13, Zabura 88 ma cikin duhu ta ƙare, kuma Allah ya bar su a cikin littafinsa.

Damina ta zo, gonarmu tana bakin daji inda ake ɗaukar mutane. In na ƙi zuwa na raina ikon Allah ne? In na je kuma gwada shi nake yi?

Toh wannan ce mai wuyar, kuma duk wanda ya ba ka amsa cikin kalma biyu bai taɓa noma a irin wurin ba. Ni ma ba zan ce maka je ko kar ka je ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma bari in nuna maka mutum biyu. Ezra da zai taso da jama'a daga Babila zuwa Urushalima, da yara da azurfa da zinariya na haikali, ya ce ya ji kunyar roƙon sarki sojoji tunda ya riga ya faɗa masa hannun Allah yana kan masu nemansa, sai suka yi azumi a bakin kogin Ahawa suka kama hanya haka, suka isa lafiya, Ezra 8 ke nan. Nehemiya kuma a zamanin sarkin nan Artashate, da zai je Urushalima, da shugabannin sojoji da mahayan dawakai ya tafi, da aka yi musu barazana wajen ginin garu suka yi addu'a suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Littafi bai tsawata wa ko ɗaya ba. Saboda haka kar wanda ya je ya ce wa wanda ya zauna matsoraci, kar wanda ya zauna ya ce wa wanda ya je wawa.

Sai dai akwai abin da zan iya faɗa. Masu ɗaga Zabura 91 suna cewa ba abin da zai same ka, ku tuna Shaiɗan ma ita ya karanto wa Yesu a kan tsororuwar haikali ya ce ya yi tsalle, Yesu ya ƙi. Yusufu ya ɗauki Maryamu da jariri cikin dare ya gudu Masar. Bulus a kwando aka zuro shi ta garun Dimashƙu. Gudu ba ridda ba ne. In an ɗauki mutane a gonar da ke maƙwabtaka da taka makon da ya wuce, ni a ganina, a ganina fa, ka dakata, ka nemi aron fili kusa da gari ko ƙodago ko da abin da za ka samu bai kai rabi ba. In kuwa abin ya lafa kuma yunwa ce a gabanku in ba a yi shuka ba, ku tafi a ƙungiya, ku ji daga 'yan banga da mai unguwa kafin ku fita, rana ta ɗaga kafin ku shiga, ku dawo tun kafin la'asar, kar a ɗauki yara ƙanana. Ko wannan ma ba tabbaci ba ne, na san waɗanda suka yi duk haka aka same su. Kuma ka zauna da matarka ku yanke tare, don ita za a bari da marayu ko da neman kuɗin fansa, ba faston da ya ce ka je da bangaskiya ba. Dattawan ikilisiya ku ma da ku nake, wanda ya kasa zuwa gonarsa bana a auna masa daga rumbun masu shi, ba a bishi da aya kawai ba.

Ashe ba Littafi ne ya ce tashi in taimake ka ba?

Karin maganar Hausawa ce, ba aya ba. Tana da kyau amma ku daina sa mata sura da aya.

Me ya sa yake ceton wasu ya bar wasu? Mun yi azumi, mun yi addu'ar dare, duk da haka.

Sura ɗaya, Ayyukan Manzanni 12, Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, Bitrus kuma mala'ika ya fito da shi daga kurkuku, ba a faɗi dalili ba, ni ma ba zan ƙirƙiro muku ba. Ku tambayi 'yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, a 2014 aka kwashe 'yan matan Chibok, yawancinsu 'ya'yan ikilisiyarsu ne, kafin shekarar ta ƙare Boko Haram ta ci hedkwatarsu a Kwarhi kusa da Mubi sai da suka koma Jos na wani lokaci. Wasu 'yan matan sun dawo, wasu iyayen sun mutu suna jira. Rabaran Lawan Andimi na Michika da 'yan Boko Haram suka kama a Janairun 2020, a bidiyon da suka sa shi yi ya nuna bai karaya ba domin komai yana hannun Allah, in bai sake ganin iyalinsa ba ma nufin Allah ne. Ƙasa duka ta yi masa addu'a, aka kashe shi. Za ku ce ba shi da bangaskiya? Shadrak da Meshak da Abednego a bakin tanderu suka ce wa Nebukadnezzar Allahnsu yana da ikon cetonsu, ko bai cece su ba kuma ba za su yi wa gunkin sujada ba. Rabin farko kowa ya iya shi a waƙa, rabi na biyun ne ba ku son a karanta.

In sha magani ko in tsaya kan addu'a?

Sha maganinka. Luka likita ne. Mai hawan jini da ya ajiye ƙwaya don an ɗora masa hannu, ni zan zo da kaina in kai shi asibiti.

Wace aya zan karanta in tsoro ya hana ni barci?

Ka ci abinci tukuna? Iliya da ya gudu jeji yana roƙon mutuwa, mala'ika bai yi masa wa'azi ba, gurasa da tulun ruwa ya ajiye masa ya bar shi ya sake kwanciya. Ka ci ko da kunu ne, ka karanta Zabura 46 ko 121 da ƙarfi yadda kunnenka zai ji, ka kashe wayar nan da ake ta turo hotunan gawa a ciki. In abin ya kai mako biyu ba barci ka zo mu yi magana, amma da rana.